Maganin Fumfuna: Wanne Ke Barin Ƙasa da Wuri, Wanne Ke Shekara a Gonarka?

Manomin albasa a Aliero, ko mai shinkafar rani a fadamar Argungu, in ya tsaya gaban mai sayar da maganin feshi, tambaya biyu ya saba yi: nawa ne, kuma yana da ƙarfi? Akwai ta uku wadda ba kasafai ake jin ta a shago ba, alhali ita ta fi shafar wanda gonar tasa ce, ya gada kuma yana fatan 'ya'yansa su gada. Bayan ganye ya farfaɗo an yi girbi, ina sauran maganin ya tafi, kuma yaushe zai bar ƙasa? Ba duk abin da ya fita daga bakin famfo ne ke tsayawa kan shuka ba. Ganyen albasa siriri ne, a tsaye yake, ga santsi, don haka kaso mai yawa na feshin a fangali yake sauka. Wanda ya maƙale a ganyen ma, raɓa da ruwan sama suna wanko shi ƙasa.

A fara da raba zare da abawa. Maganin fumfuna ba maganin ciyawa ba ne. Wanda ya zuba atirazin a gonar masara ya dawo da wuri ya dasa kayan lambu, yakan ga ɓarnar da idonsa. Ragowar maganin fumfuna ba kasafai take kashe shuka ta gaba haka ba, shi ya sa ake raina ta. Ɓarnarta a hankali take. Tana taɓa tana da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke ruɓar da taki su mayar da shi abincin shuka. A cikinsu har da fumfuna mai amfani da ke zaune a saiwa tana taya shuka jan abinci, kuma magani ba ya tambayar wace ce mai cuta wace ce mai amfani. Tana iya sauka cikin ruwan ƙasa, tana iya bin magudana zuwa gulbi. Sannan cutar da ke rayuwa kullum cikin ɗan ragowar magani ita ce ta fi saurin sabawa da shi, har ya daina yi mata komai.

Masana suna auna daɗewar magani da kwanakin da yake ɗauka kafin rabinsa ya lalace. Wannan awon yana ruɗin mutane, domin wasu na ɗauka cewa in rabi ya tafi a kwana 40, to a kwana 80 an gama. Ba haka lissafin yake ba. A kwana 40 saura rabi, a kwana 80 saura rubu'i, a kwana 120 saura kashi 1 cikin 8. Sai an maimaita wa'adin sau biyar kafin abin da ya rage ya sauko kusan kashi 3 cikin 100. Ɗauki magani uku da aka fesa a farkon Janairu, a dubo su farkon Mayu, wato bayan kwana 120. Mai raguwa da rabi cikin kwana 2 ko alamarsa babu. Mai kwana 40 saura kashi 1 cikin 8. Mai kwana 120 rabinsa cur yana nan, kuma da shi za a shiga damina. In fadamarka irin wadda ba ta hutawa ce, ana ɗaga wannan amfani ana sa wancan, kana kuma maimaita wannan magani na ukun duk bayan wata huɗu, to sabo zai riƙa hawa kan tsoho har abin da ke cikin ƙasa bayan kowane feshi ya kusa ninki biyu na abin da ka zuba, sannan ya tsaya a nan. Wato gonar ba ta taɓa rabuwa da shi.

Galibin alƙaluman da ake bugawa an auna su ne a ƙasar Turai, a zafin da bai wuce digiri 20 ba. Zafi yana hanzarta lalacewar magani, kusan ninki biyu ko fiye duk sa'ad da aka ƙara digiri 10, don haka fangalin da ake ba ruwa a watan Maris a Jega ko Birnin Kebbi zai cinye magani da sauri fiye da gonar Bature. Amma kada wannan ya kwantar maka da hankali fiye da kima. Halittun ƙasa ne ke yin mafi yawan aikin, su kuwa sai da laima. Gonar tudu da ta bushe ƙamas tun Nuwamba aikin ya kusa tsayawa a cikinta har sai ruwan farko ya sauka, ko da rana tana ƙuna. Sanyin hunturu ma yana rage gudu, kuma a lokacin ne ake yawan feshin albasa. A gonar shinkafa da ruwa ya kwanta kuwa iska ba ta shiga ƙasa, magunguna da dama sun fi jinkirin lalacewa a irin wannan yanayi. Saboda haka alƙaluman da zan kawo na jera magunguna ne, a san na gaba da na baya, ba alƙawarin ranar da gonarka za ta tsarkaka ba.

Sunan da za ka nema a jikin leda ko kwalba shi ne ƙaramin rubutun da ke nuna sinadarin da ke aiki, galibi ƙarƙashin babban sunan kamfani. Leda goma masu launi daban suna iya zama abu ɗaya.

Mafi saurin tafiya shi ne mankozeb, garin nan mai launin ɗorawa da kusan kowane shago ke da shi. A ƙasa mai laima kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki yake yi rabinsa ya watse. Yana barin ɗan manganis da zinki, waɗanda ita kanta shuka tana buƙatar kaɗan daga cikinsu. Ta fuskar ƙasa, da wuya ka sami wanda ya fi shi sauƙi, ga arha, kuma shekaru da dama ana amfani da shi cuta ba ta cika sabawa da shi ba, domin ta hanyoyi da yawa yake kai mata hari. Aibinsa biyu. Na farko, rigakafi ne kawai: a bayan ganye yake zama, ba ya shiga jikin shuka, ba ya warkar da tabon da ya riga ya fito, kuma ruwan sama na wanke shi, sai an riƙa maimaitawa kusan duk mako ko kwana goma. Na biyu ya fi damuna. In ya lalace yana haifar da wani sinadari mai narkewa a ruwa, wanda aka tabbatar yana taɓa maƙoƙon wuya a gwajin dabbobi, kuma Tarayyar Turai ta yanke a ƙarshen 2020 cewa ba za ta sabunta izinin mankozeb ba saboda lafiyar ɗan'adam. Sauƙinsa ga ƙasa bai sa ya zama mai sauƙi ga yaron da ke goye da famfo ba riga ba takalmi, yana dama garin da hannu. Duk wanda ya ba ɗansa ko ɗan ƙodago wannan aiki, haƙƙinsa ne ya sama masa safar hannu da abin rufe hanci.

Kulorotalonil ma na rigakafi ne, shi kansa kwanaki zuwa 'yan makonni yake yi. Matsalar tana ga abubuwan da yake rikiɗa ya koma, domin sun fi shi daɗewa kuma sun fi shi bin ruwa. A Suwizalan an same su cikin ruwan ƙasa da ake sha, aka hana shi daga farkon 2020, Tarayyar Turai kuma ta riga ta janye izininsa a 2019. Yana da guba sosai ga kifi. Farar wuta kuwa, wadda ke maganin farin ƙurar da ke hawa ganyen kuɓewa da kabewa, tana komawa abincin shuka ne a ƙasa, sai dai tana ƙona ganye in an fesa ta cikin tsananin rana.

A tsakiya akwai metalaksil da kabendazim, halinsu kuwa ya sha bamban. Metalaksil shi ne abokin mankozeb a cikin Ridomil Gold MZ da makamantansa. Makonni yake yi, daga mako ɗaya ko biyu zuwa wajen wata ɗaya da rabi, gwargwadon nau'insa da irin ƙasar. Ba daɗewarsa ce abin tsoro ba, tafiyarsa ce: yana narkewa a ruwa sosai, ba ya kama ƙasa, don haka a jigawa ko fadamar da ruwan ƙasa ke kusa yana iya sauka ya tarar da rijiyar da ake ban ruwa da ita, wadda sau da yawa daga ita masu aiki ke sha. Kuma yana da iyaka da masu shago ba su cika faɗa ba. Yana aiki ne kan rukuni guda na cututtuka, irin masu ruɓar da tsiro a wurin reno da masu sa ƙura-ƙura a ganyen albasa lokacin raɓa. Ba ya taɓa tabon shunayya na albasa, ba ya taɓa cutar da ke karya wuyan zangarniyar shinkafa. Tun 1980 aka ga cutar dankalin Turawa ta saba da shi a Turai, dalilin da ya sa ake haɗa shi da wani ke nan.

Kabendazim yana kama ƙasa, yakan yi makonni zuwa 'yan watanni, kuma sananne ne wajen cutar da tana. Turai ta daina amincewa da shi tun 2014. Ina ambatonsa musamman saboda ɗanzazzalau, cutar da ta sha jefa manoman albasa na Kebbi cikin asara, wadda masu bincike suka danganta da wata fumfuna mai zama a ƙasa. Da yake cutar daga ƙasa take, hankali yakan kai mutum ga kwarara magani a gindin shuka ko a fangali gaba ɗaya. Wannan shi ne mafi nauyin abin da za ka ɗora wa ƙasarka, domin duka maganin ne ke shiga, ba ɗigon da ya zubo daga ganye ba. Kuma fumfunar da ta zauna a ƙasa da wuya magani ya ƙarar da ita. Sauya wurin reno, hutar da fili daga albasa na 'yan shekaru a sa hatsi, cire shukar da ta kamu a ƙone, da rufe fangalin reno mai laima da farar leda na mako huɗu zuwa shida a zafin bazara, sun fi kwarara magani amfani a gani na, kuma ba su barin komai a baya.

Sai masu daɗewa, waɗanda kuma su ne manomi ya fi yabawa, domin suna shiga jikin ganye, suna tsayar da cutar da ta fara, ruwan sama ba ya wanke su. Duk sunan da ya ƙare da konazol dangi ɗaya ne: tebukonazol, firofikonazol, difenokonazol, heksakonazol. Biyun farko sukan yi wata ɗaya zuwa uku kafin rabi ya tafi a gona, biyun ƙarshe wata uku zuwa huɗu ko fiye. Suna manne wa laka da ruɓaɓɓen taki, ba su cika sauka cikin rijiya ba, amma duk inda ƙasar ta je suna biye da ita. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a fadamun Kebbi ya san yadda ruwa ke kwashe ƙasar gonar wani ya kai ta wani, ya kai saura gulbi. In an wuce ƙa'ida wajen awo kuma, wannan dangi yana iya tsugunar da ƙaramar shuka, ganye ya yi duhu, tsayi ya ragu. Azoksistirobin yakan yi wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye da haka in ya shige ƙasa inda rana ba ta kai masa. Kifi da ƙananan halittun ruwa ba su jure masa, cuta kuma tana saurin sabawa da shi in an jera shi sau da yawa. Tirisaikilazol, wanda aka yi musamman don cutar wuyan shinkafa, yana da kyau ƙwarai a aikinsa amma yana cikin masu watanni da yawa a ƙasa, kuma tun 2017 Turai ta sauke adadin da take yarda da shi a cikin shinkafa zuwa miligiram 0.01 a kilo, abin da ya girgiza masu fitar da shinkafa daga Indiya.

Ban ce a guje su ba. In cuta ta shiga zangarniya lokacin da shinkafa ke fitar da kai, mankozeb ba zai cece ka ba, feshi ɗaya na mai shiga jiki a kan lokaci shi ne bambancin buhu da buntu. Kuma awonsu kaɗan ne, 'yan giram ɗari ko ƙasa da haka na sinadari a hekta, alhali mankozeb kilo ake zubawa. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da su abincin kullum, a riƙa fesawa duk mako don kawai maƙwabci ya fesa.

Jan ƙarfe shi kaɗai ne a ajinsa, wato garin nan shuɗi, kore ko ja da ake sayarwa don tumatir, tattasai da itatuwa. Sauran duka, komai daɗewarsu, wata rana suna lalacewa. Shi ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun ga ma'anar ƙarfe a ƙasa a 2010, lokacin gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe ta, domin jira ba ya rage ta. Jan ƙarfe bai kai dalma haɗari ga mutum ba ko kusa, shuka ma tana buƙatar ɗan kaɗan nasa, amma wajen zama daram halinsu ɗaya. A Faransa tun wajen 1885 ake fesa wa inabi haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa, yau akwai gonakin inabi da jan ƙarfen da ke samansu ya kai ɗaruruwan miligiram a kowane kilo na ƙasa. Shi ya sa daga 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai, wato kilo 4 a shekara in an raba.

A yi lissafi da gaskiya, kada a tsorata mutane a banza. A ce garin da ka saya rabinsa jan ƙarfe ne, kana zuba kilo 2 a hekta, sau shida a kaka ɗaya. Ka sa wa gonar kilo 6 ke nan, ka wuce awon Turai. In garma ta gauraya shi da ƙasar sama, ƙarin wajen miligiram 2 zuwa 3 ne a kowane kilo na ƙasa a shekara. Wannan ba ɓarnar bana ba ce, ba ta baɗi ba, ta shekara ashirin ko talatin ce, kuma in ta zo ba ta da magani mai arha. Sai dai akwai wuraren da ba su jira haka: fangalin reno da ake maimaitawa wuri ɗaya, gindin mangwaro ko lemo, da inda ake wanke famfo ana zubar da ragowa. A jigawa mai ƙarancin taki, musamman in ƙasar ta yi tsami saboda yawan takin zamani, jan ƙarfe ya fi sakin jiki ya ƙona saiwa ya kori tana. Mai tumaki kuma ya kiyaye, domin a cikin dabbobin gida tunkiya ce ta fi kasa jure jan ƙarfe, yana taruwa a hantarta. Kada a sake su cikin ragowar lambun da aka yi wa wannan feshi ba da daɗewa ba. Amfaninsa na gaske shi ne cututtukan bakteriya, irin ɗigon baƙi a ganyen tumatir da tattasai, inda sauran magungunan nan ba su aiki. A nan ya dace. Don fumfuna zalla, akwai waɗanda za su yi aikin su tafi.

Maganin wanke iri, irin su Apron Star, ya ƙunshi metalaksil da ɗan difenokonazol da maganin ƙwari. Duk da akwai mai daɗewa a ciki, abin da ke kai wa ga ƙasa kaɗan ne ƙwarai in an gwada da feshin ganye, kuma yana zuwa daidai inda ake buƙata. A wurina wannan ne ciniki mafi riba tsakanin kariya da ragowa. Haɗarinsa a gida yake: irin da aka shafa wa magani ba na tuwo ba ne, ba na kaji ba ne, ko an wanke. A Iraƙi, tsakanin 1971 da 1972, ɗaruruwan mutane sun mutu saboda gurasar da aka yi da irin alkama mai maganin fumfuna na zaiba.

To wanne za ka ɗauka? Ƙasarka ce za ta ba da amsa kafin aljihunka.

In jigawa ce ko fadama mai rairayi, ruwa kusa, ga rijiya a gefen gona, abin gudu shi ne mai bin ruwa. Ka taƙaita metalaksil ga wanke iri da lokacin da ka tabbata cutarsa ce, ka bar kulorotalonil, kada ka yi feshi sannan ka saki ruwa a fangali nan take. Jan ƙarfe ma a nan ya fi saurin cizo. Takin dabbobi da ya ruɓe da kyau yana taimako ta fuska biyu, yana riƙe magani kada ya sauka, yana kuma ciyar da halittun da ke cinye shi.

In laka ce ta shinkafa, irin ta Suru, Argungu ko bakin Neja a Yauri, ana noma rani da damina, abin gudu shi ne mai taruwa da mai kashe kifi. Dangin konazol, azoksistirobin da tirisaikilazol kada su wuce sau ɗaya ko biyu a noma guda, a daidai lokacin fitar kai, kuma kada a maimaita dangi ɗaya rani da damina a jere. A toshe magudana na 'yan kwanaki bayan feshi. Ruwan da ya fita daga gonarka shi ne wanda masunta ke jefa taru a ciki. Kafin ma a kai ga magani, a dubi yuriya, domin yawanta yana ƙara wa cutar wuya ƙarfi. Rawayar ganyen da ƙwayar bairas ke kawowa kuwa, babu maganin fumfunar da ke taɓa ta, kuɗi ne kawai za a zuba a ƙasa.

Mai albasa da tumatir, wanda shi ne ya fi kowa yawan feshi, tsarin da na fi natsuwa da shi shi ne mankozeb ya zama ginshiƙi tun kafin tabo ya bayyana, a lokacin raɓa da laima, da kayan kariya a jiki. In tabon shunayya ya fara yaɗuwa duk da haka, a shigo da ɗan konazol ko azoksistirobin sau ɗaya ko biyu, a koma. Kusa da girbi kuma akwai wani wa'adi daban a jikin leda, na kwanakin da za a jira tsakanin feshi na ƙarshe da cire amfani. Wannan na mai ci ne, ba shi da alaƙa da daɗewa a ƙasa. Magani na iya barin ƙasa cikin kwana biyu amma yana nan a jikin tumatir ɗin da aka kai kasuwa washegari, kuma ganyen albasa da ake yin lawashi da gabu da shi ya fi kan albasar ɗaukar feshi.

Wanda zai karɓi gona aro, haya ko jingina, ya tambayi abin da aka daɗe ana fesawa, musamman in tsohon lambu ne. Ya nemi lambar rajistar NAFDAC a jikin duk abin da zai saya, ya ƙi garin da aka ƙulla a leda ba suna, ya kai wa malamin gona ganyen da ya kamu kafin ya je shago. Ruwan ɗaurayar famfo a fesa shi cikin gonar da aka yi wa aikin, a warwatse, kada a juye shi wuri ɗaya a bakin rijiya ko magudana, domin a 'yar wannan kusurwa ake tara abin da ya ninka na sauran gonar sau da yawa, kuma nan ne yara da awaki suka fi zuwa shan ruwa.